Injin Gwaggo Ba Ya Wuce Zaure

A'a, ba a kama ni a boda ba! Fuseini, kai ka fara yaɗa wannan magana a guruf, kuma Allah ya isa ban yafe ba sai ka saya mini koko da ƙosai. Tun da na dawo ba wanda ya bar ni na zauna. Wannan ya tare ni a bakin teburina, wancan ya kira, jiya har mai sayar mini da gilashin waya sai da ya ce, "Rahina, an ce kin kai kwamfuta Togo a cikin robar abinci?" To ga labarin nan gaba ɗaya, kowa ya karanta in huta.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce mai teburin gyaran waya a unguwar Changli, nan Tamale, gefen mai wankin babura. Ban yi makarantar kwamfuta ba. Abin da na sani, a waya na karanta shi, na gwada, na ƙona, na sake gwadawa.

Ƙanwar babana, Gwaggo Ayishetu, a Sokode, can Togo, take aure. Tana da injin surfani mai kwamfuta, na gwanjo, wanda ba ya karɓar zane sai ta filash. Ramin da ake soka filash ɗin ya gaji, yana rawa kamar haƙorin tsohuwa. Sun gwada sa masa igiyar ƙari, injin ya ƙi ganin komai ta cikinta, kuma wajen zare ta ne ramin ya ƙara lalacewa. Mai gyaran da ya duba ya ce in an ci sa'a saura soka ɗaya ko biyu. Ana cikin haka ƙungiyar mata masu sayar da doya, wadda ita ma Gwaggo 'yar cikinta ce, suka kawo mata mayafi talatin da shida na bikin naɗin sabuwar Magajiyarsu ranar Lahadi. Kowane mayafi da sunan mai shi. Mai zana sunayen yana Lome, yana turo su ta waya kaɗan-kaɗan, matan kuma kullum da gyara: wannan a sa mata Hajiya a gaba, waccan a cire sunan tsohon miji. Ke nan sai an soka an zare sau ba adadi.

Za ku ce me ya hana ni canza ramin, ni da nake canza na waya kullum? Gwaggo ta rantse ba mai buɗe cikin injinta. Na maƙwabciyarta da aka buɗe, yau shekara guda yana lulluɓe da zani.

Sai na ce mata a waya, "Gwaggo, ina da abin da za a soka sau ɗaya, ba cirewa har abada."

Ta ce, "Ke 'yar nan, kin tabbata?"

Na ce na tabbata. Ban tabbata ba, amma na riga na faɗa.

Abin kuwa ɗan allon kwamfuta ne da bai kai tafin hannu ba, tun ramin ya fara rawa nake aikinsa. Na koya masa ya yi kamar shi filash ne. A harkar ajiyar bayanai akwai mai zuwa nema, akwai mai ajiyewa. Mai ajiyewar shi ake ce wa taget, ku ɗauke shi kamar gida. A cikinsa akwai ɗakuna masu lamba, daga sifili ake fara ƙirga, ana ce musu LUN. In a kan netwok ne, gidan yana da adireshi, yana da ƙofofi, har da jerin sunayen baƙin da aka yarda su shiga. Amma USB, tsarin da filash ke bi, bai san duk wannan ba. Shi abin da ya sani: na'ura ɗaya, mai gida ɗaya da ke ba ta umarni, da 'yan hanyoyin da magana ke shiga ta fita. Aikin da ya cinye mini wata biyu shi ne in ɗauki wancan gida in zaunar da shi a cikin wannan tsari. Gidan ya zama na'urar, ƙofarsa ta zama fuskar da na'urar ke nunawa in an tambaye ta ke wace ce, jerin baƙi ya koma mutum ɗaya tak, ɗakunan kuma suka tsaya da lambobinsu. Na yi ɗaki uku. Na soka a laftof ɗina, duka ukun suka fito ɓaro-ɓaro. Na yi ihun da ya sa Mma, mahaifiyata, ta fito da ludayi a hannu.

Ranar Laraba da safe na kama hanya. Mma ta ɗaura mini tubani a roba ɗaya, ni kuma na naɗe allon da tsohon ɗankwali na sa a wata robar irinta. Da za mu rabu ta ce, "Gidan ƙanwar babanki za ki. In abin bai yi ba, ki yi shiru ki yi musu wanke-wanke." Addu'ar Mma ke nan.

Yalo-yalo, kekenmu mai ƙafa uku, ya sauke ni a tasha, na samu motar Tatale, garin bakin boda, saura mutum huɗu. Mutum huɗun nan sai da suka ci awa biyu. Direba ya so ya ɗora jakata a sama tare da buhunan gishiri, na rungume ta.

"Amariya, zinariya ce a ciki?"

"Ta fi zinariya, direba."

"To ki biya mata kujera."

A cinyata ta yi tafiyar. Kusa da ni wata dattijuwa ce 'yar ƙabilar Basare, da zabi biyu a kwando ƙarƙashin ƙafarta. Bayan mun wuce Yendi ta fito da dafaffiyar doya ta miƙo mini, na ci. Kun san ƙa'ida, wanda ya ci na mutum sai ya buɗe nasa. Na jawo roba na ce mata, "Mma, bismilla," na buɗe ba tare da na duba ba. Ta leƙa, ta ɗaga ɗankwalin da yatsa biyu, ta ga waya da ƙananan ƙarafa. Ta dube ni ta ce, "Ku 'yan Tamale, da wace miya kuke cin wannan?" Motar gaba ɗaya ta ɗauka. Har muka haye gadar Oti muka shiga Zabzugu, duk wanda ya shigo sai an ba shi labari.

Bayan Zabzugu taya ta yi faci. Muka zauna ƙarƙashin kaɗanya kusan awa ɗaya, a nan aka cinye tubanin na gaskiya.

Sai boda. A ɓangarenmu ba wani dogon zance, na nuna kati na wuce. A ɓangaren Togo jami'in ya buɗe jakata, ya ga robar, ya yi mini tambaya da Faransanci. Faransancina bai wuce gaisuwa ba. Da ya ga ina zare ido sai ya juya Hausa, Hausarsa ma ta fi tawa daɗi.

"Hajiya ƙarama, mene ne wannan?"

Ku da kuka san ni kun san kuskuren da ya yi. Na fara masa tun daga gida da ɗakuna. Na ɗauko biro na zana masa a bayan tikitin mota. Ina cikin bayanin yadda USB ke da tsohuwar hanyar magana, umarni ɗaya bayan ɗaya, da sabuwa mai ɗaukar umarni da yawa a lokaci guda, sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Yana fashewa?"

"A'a."

"Yana kiɗa?"

"A'a."

"To don girman Allah rufe ki wuce, akwai mutane a bayanki."

Wannan shi ne kamun da Fuseini ke faɗa.

Daga boda ɗan acaba na hau, su zemijan suke cewa. Ni da nake tuƙa babur ɗina a Tamale, yau ga ni a baya ina riƙe da jaka ina ba shi shawarar inda zai kauce wa rami, shi kuma bai jin ko kalma. A Basar na tsaya na ci sakwara. Jama'a, doyar nan ba a ba da labarinta. Mata uku ne a kan turmi ɗaya, taɓarya na sauka bi da bi ba mai karo da wata, sakwarar kuma tana jawuwa kamar danƙo. Burodinsu ne ban gane ba, dogo kamar sandar makiyayi, in ka gatsa sai ya yanke maka dasashi. Na saya wa Gwaggo biyu, ta ce wa ke kawo wa mai rijiya ruwa.

Na isa Sokode ana kiran la'asar. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne gidan. A gidanmu na Changli, kun sani, zaure ne farko, kuma babana ba ya yarda a ajiye ko tsinke a ciki. Tabarma, buzu, buta, shi ke nan. Kullum maganarsa, "Zaure na gaisuwa ne, kaya na ciki." A gidan Gwaggo kuwa ɗakin farko da ke bakin titi shi ne shagon. Ta tsakanin injin da tulin mayafai za ka ratsa kafin ka ga tsakar gida. A nan na durƙusa na gaishe ta, gwiwata a kan ƙyallaye. Maƙwabta 'yan ƙabilar Kotokoli suka shigo gaisuwa, doguwa kamar ta Dagomba, ni kuma bakina ya saba, duk abin da suka ce sai in ce "Naa." Suna ta dariya, wai an kawo musu 'yar Gana ta asali.

Mijin Gwaggo, Baba Isifu, tsohon direban babbar mota ne da ya ajiye aiki, yanzu sana'arsa zama a benci da ba da ra'ayi. Ya juya allon a hannunsa ya ce, "Wannan ɗan biskit ɗin ne ya taso ki tun daga Tamale?" A ɗakin Gwaggo na kwana, kan katifa a ƙasa, tsakanin buhunan zare.

Alhamis da hantsi na shimfiɗa kayana. Matsala ta farko: cajar allon mai ƙafa uku ce irin tamu, bangonsu kuma rami biyu ne zagayayyu. Wata biyu ina lissafin komai ban tuna bango ba. Baba Isifu ya tashi ba magana, ya ciro cajar wayarsa ya miƙo mini, ya koma benci da fuskar wanda ya ci zaɓe.

Ina cikin haɗawa Magajiya mai jiran gado ta iso, mace mai jiki, da jakar hannu a hammata. Aka ba ta kujera a cikin shagon. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ayishetu, wannan ce injiniyar?"

"Ita ce, Magajiya. 'Yar yayana ce."

"To. Ni ba ni da magana da yarinya. Ke nake gaya wa: in aka yi la'asar allurar nan ba ta motsa ba, zan kwashe mayafan in sa a motar Kara a kai wa wani mai surfanin. Ba zan tsaya gaban mata ranar Lahadi da kai ba lulluɓi ba."

Shekara nawa Gwaggo tana yi wa matan nan ɗinki, a kwashe aiki daga shagonta a gaban kasuwa, kun san abin da ke nan. Ta juyo gare ni ta ce a hankali, "Sau ɗaya, Rahina. In kin soka, hannunki ya bar wurin."

Na tura sunayen daga wayarta zuwa allon, na duba sau uku. Na yi bismilla, na soka igiyar allon. Ramin ya yi ɗan ƙara, ƙis, amma ya riƙe. Fitilar allon ta ƙifta. Gwaggo ta danna maɓallin buɗe zane.

Fuskar injin ta nuna babu komai.

Ta sake dannawa. Babu komai.

Baba Isifu daga benci ya ce, "Biskit ɗin ya jiƙe." Magajiya ta buɗe jaka ta fito da goro.

Kai jama'a, zufa ta karyo mini har cikin hijabi. Amma na ce wa kaina ba wanke-wanke na zo yi ba. Na buɗe laftof, na shiga cikin allon ta iska, ba tare da na taɓa igiyar ba, na buɗe inda yake rubuta duk abin da aka tambaye shi. Injin ya gaishe shi lafiya lau. Ya tambaye shi kai wane ne, allon ya amsa. Ya zaɓi tsohuwar hanyar magana, wannan ma na tanada. Ya karanta. To me ya hana? Na zargi girman ajiyar, na zargi sunayen fayil, na zargi igiya, har cajar Baba Isifu na harara. Azahar ta yi, aka yi salla, aka kawo shinkafa da wake, ban iya ci ba.

Gwaggo ta zo ta zauna kusa da ni a ƙasa, ta leƙa rubutun da ba ta iya karantawa.

"Gaya mini da Hausa. Ina kika sa sunayen?"

"A ɗaki na biyu, Gwaggo. Mai lamba ɗaya. Furanni kuma a na uku."

"Na farkon fa?"

"Mai lamba sifili? Ba komai a ciki. 'Yar takardar gaisuwa kawai na ajiye, mai bayanin yadda na tsara."

Sai ta kwashe da dariya har tana dafa kafaɗata.

"Wayyo jinin Yaya! Zaure kika yi masa? Har a cikin kwamfuta?"

"To ai Gwaggo, ɗakin farko..."

"Ke, dubi inda kike zaune. Na taɓa ɓoye kayana a ƙurya? Mai saye in ya leƙo bai ga kaya ba, gaba yake yi. Ba kowane baƙo ne ake shiga da shi cikin gida ba."

Na koma kan rubutun. Jama'a, abin yana gabana tun safe. Kowane umarni da injin ya aiko, lambar ɗakin da ke jikinsa sifili ce. Sifili, sifili, sifili, har ƙasa. Bai ma taɓa tambayar ɗaki nawa ne a gidan ba. Laftof ɗina ɗan gida ne, yana tambaya, yana zagayawa ko'ina. Wannan tsohon inji kuwa a ganinsa filash ɗaki ɗaya ne, ya leƙa, ya ga tabarma, ya juya. Ni kuma ban taɓa tambayar kaina me ya sa na bar ɗakin farko fayau ba. Haka na tashi na ga ana gina gida.

Gyaran bai kai minti biyar ba: na cire zauren, na ɗaura ajiyar sunayen a lamba sifili. Gwaggo ta danna. Babu komai.

Magajiya ta dubi inuwar da ke bakin ƙofa ta ce, "Isifu, motar Kara ƙarfe nawa take tashi?"

"Da an sallame la'asar, Magajiya. Direban yarona ne, zan sa ya jira ki."

Na gane abin da ya faru. Injin ya riga ya leƙa tun safe, ya riƙe a ransa cewa ba komai, ba zai sake dubawa ba sai ya ga an zare an mayar. Hannuna ya tafi wajen igiyar da kansa. Gwaggo ta buge shi, fat!

"Na ce sau ɗaya."

Gaskiyarta. Na zauna na yi tunani. Ta yaya inji ke sanin an soka masa abu? Ba ido gare shi ba. Wata 'yar alama ce ta lantarki da na'urar ke ɗagawa a kan wayar igiyar. In allon ya sauke alamar, a wurin injin ya fita ke nan, ko da igiyar na nan daram. Na taɓa karanta haka, ban taɓa gwadawa a kan abin da nake tsoron rasawa ba. Na rubuta umarnin, na karanta shi sau biyu, na danna. Na ƙirga biyar. Na ce wa allon ya sake sallama.

Injin ya yi ƙara, ƙit. Gwaggo ta danna maɓallin da ɗan yatsa ɗaya kamar mai taɓa wuta.

Sunaye suka jero. Na farko na Magajiya ne.

Gwaggo ta ɗaura mayafin a firam, ta zura zare ruwan gwal, ta tayar. Allura ta fara sauka, ta-ta-ta-ta, harafin farko ya fito. Magajiya ta taso da kujerarta a hannu ta matso, ta tsaya a kai har aka gama, ta shafa rubutun da babban yatsa.

"Hm. A ƙara Hajiya a gaba."

"Magajiya, ai ba ki je ba tukuna," in ji Baba Isifu.

"Da kujerarka zan je? A ƙara!"

Wannan gyaran shi ne gwajin gaske, kuma shi ya nuna mini amfanin ɗakunan ciki. Ba a rubuta sabon zane a ɗakin da injin ke karantawa, sai a rikita shi. Don haka sabon suna in ya zo daga Lome, ɗakin ciki yake sauka. In an shirya, allon ya fita, ɗakin cikin ya dawo lamba sifili, ya sake sallama. Na haɗa duk wannan a maɓalli ɗaya a wayar Gwaggo. Ranar Juma'a na zauna gefe na harɗe hannu, ta yi da kanta sau bakwai, sau ɗaya kawai ta kira ni, shi ma don ta manta inda ta ajiye tabarau. Igiyar kuwa ta naɗe ta da salatif ta ɗaure a jikin injin da ƙyalle, ta kafa doka: ko mai shara ba ya zuwa wannan gefen.

Asabar kafin azahar mayafi na talatin da shida ya sauka daga firam. Ranar Lahadi na tsaya a bayan rumfa ina kallon mata suna shigowa, kowace da sunanta a kafaɗa, suna jan na juna suna karantawa. Magajiya ta hango Gwaggo cikin taro, ta kira ta da ƙarfi ta zaunar da ita a kujerar da ke damanta. Gwaggo ta zauna, ta gyara mayafinta, ba ta ko kalli inda nake ba. Sai da aka fara rabon abinci ta aiko mini da cinyar zabo.

Yanzu ku nake tambaya, musamman masu taɓa tsofaffin injuna, na ɗinki ne, na buga takarda ne, ko rediyon mota: kun taɓa haɗuwa da wanda ke wuce ɗakin farko, ko duk haka suke? Kuma wane abu ne kuka taɓa ginawa yadda ake yi a gidanku, ba ku ankara ba sai da kuka kai shi gidan wasu? Ku faɗa mini, ina teburina.